Harsashi a Cikin Safa

Tun ranar da Aulis ya shigo gida da sabuwar bindigarsa ta gasa, matarsa Hilkka ta daina binsa filin harbi ranar Asabar. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta dai buɗe akwatin, ta dubi 'yar bindigar tana ta ƙyalli a kan soso, sannan ta ce, "Ina ta Baba?"

"Na sayar wa Reijo. Ya daɗe yana naci."

"Ka sayar wa Reijo."

"Ai ta tsufa, Hilkka. Ke ma kin sani. Komai nata ya saki."

Ta rufe akwatin a hankali, ta koma kan dankalin da take ferewa, zancen ya mutu a nan.

Tsohuwar bindigar ta mahaifinta ce, marigayi Onni, wanda ya kafa ƙungiyar maharba ta ƙauyen. Shi ya sassaƙa mariƙinta da wuƙarsa, har gurbin babban yatsansa yana nan a jikin katakon. Da hannunsa ya fara rawa sai ya mayar da takardunta sunan surukinsa. Saboda haka a takarda ta Aulis ce, babu mai ja. Hilkka kuwa tun gashinta yana baƙi ita ce alƙaliyar filin, ita ke ba da umarnin a ɗura, a harba, a dakata. Yanzu ta aika wa ƙungiya cewa gwiwarta na ciwo, su nemi wani. Kowa ya san lafiyar gwiwar ƙalau, don an ganta tana sharar ƙanƙara a ƙofar gida.

Aulis makaniki ne, a ƙarƙashin injinan yankan katako ya ƙare ƙuruciyarsa. Irin mutanen nan ne da suka yarda duk wata matsala ta duniya a cikin ƙarfe take, in ka kwance ka duba sai ka ganta. Shirun mace kuwa ba shi da noti balle a sa masa sifana. Sai ya ƙyale shi, ya ce zai wuce. Amma kujerar da ke gefensa a mota ta zama fanko, kuma abin yana cinsa fiye da yadda zai iya gaya wa kowa.

Asabar ta farko shi ya haɗa jakarsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zuba kofi a fulas, ya yanki baƙin burodi, ya ɗauko kwalin harsashi daga akwatin ƙarfe na gareji ya jefa a but. A jikin ƙusa kusa da murhu ya ga tsohuwar safar ulu mai ruwan toka wadda Hilkka ke zura kwalin a ciki, don kada ya riƙa ƙara a hanya, a ganinsa. Ya bar ta a nan. Wannan ƙaƙale ne na mata.

Rumfar harbin a buɗe take ta gaba, iska tana shigowa daga tafki yadda ta ga dama. Aulis ya ɗura harsashi biyar, ya tsaya a karkace, hannun hagu a aljihu, ya miƙe na dama. Na farko ya tafi. Na biyu ya tafi. A na uku kwanson harsashin da ya kamata ya yi tsalle ya faɗi gefe sai ya maƙale a tsaye a bakin ƙarfen saman bindigar, kamar sigari a bakin mutum.

Dokar fili a nan ba ɓoyayya ba ce. Bindiga ta maƙale, ba ka taɓa komai. Ka bar bakinta yana kallon gaba, ka ɗaga ɗaya hannun, ka jira alƙali ya zo ya duba. In laifin bindiga ne ko na harsashi, a ba ka dama ka maimaita. In laifin mai harbi ne, harbin ya tafi ke nan. Shi kuwa Aulis babban abin alfaharinsa a duniya shi ne tun da ya fara harbi bai taɓa ɗaga hannu ba. Yakan faɗi haka a wurin shan kofi, yakan faɗa a sauna, wato ɗakin wankan tururi, har a wurin jana'iza an taɓa jin ya faɗa. To hannun da bai saba ɗaguwa ba, kuma hannun makaniki, kafin ya yi tunani ya riga ya fito daga aljihu ya fincike kwanson.

"Ka taɓa, Aulis," in ji wanda ya karɓi alƙalancin. "Babu maimaici."

Reijo yana layin da ke kusa, riƙe da bindigar Onni. Tsohon direban bas ne, ƙato, bakinsa ba ya hutawa. Ya gama biyar ɗinsa lafiya lau, ya ajiye, ya leƙo.

"Mutumina, amaryar taka kunya take ji ne?"

"Sabuwa ce. Sai ta saba."

"Af, to. Ni dai tsohuwar nan ba ta ba ni matsala. Mariƙin kawai na ɗan goge da magagari, gurbin yatsan ya yi mini kaɗan. Yanzu ya zauna daram."

Aulis ya dubi mariƙin. Inda gurbin yatsan Onni yake ya zama fari fat, sabon katako ya bayyana. Ya kawar da kai.

Daga nan aka shiga jinya. Aulis yana da ƙa'idarsa ta aiki wadda ya sha koya wa mutane: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ko inji ya warke ba za ka san me ya warkar da shi ba. Ya kwance bindigar a gareji, ya wanke maiƙon da ta zo da shi daga masana'anta, ya sa mata mai kaɗan. Ta maƙale. Ya ce to man ya yi kauri, ya sa marar kauri. Ta maƙale. Ya canza gidan harsashi, ya ɗauki na biyun da aka haɗo masa da shi, ya yi wa kowanne alama da fenti don ya gane mai laifin. Duka biyun suka nuna masa halinsu ɗaya ne. Ya sayo harsashin wani kamfani. Wannan karon ciwon ma sabon salo ya ɗauka: harsashin ya shiga amma bai ƙarasa zama ba, ka ja kunama ka ji ƙas, babu komai.

"Wuyan hannunka ne ya saki," in ji Reijo. "Tsufa ne, ba abin kunya ba ne. Bindiga tana son ta ji an riƙe ta, in ba haka ba ƙarfen sama ba ya samun abin tokarawa."

"Wuyan hannun kakanka ne ya saki."

Ya faɗi haka ne, amma maganar ta shige shi. Mako guda yana matsa ƙwallon roba a gaban talabijin. Asabar ta zo ya riƙe bindigar kamar zai matse ruwa daga jikinta, har saitinsa ya lalace, harbin ya warwatse a takarda. Ta maƙale duk da haka.

Ya ɗauke ta ya kai birnin Kajaani wurin mai shagon da ya sayar masa. Mutumin ya sauka da shi ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa, wuri mai ɗumi har sai da Aulis ya cire hula. Ya ɗebo harsashi daga kan kantarsa ya ɗura, ya harba, ya sake ɗurawa, ya sake harbawa. Bindigar nan ta yi ta aiki kamar keken ɗinki. Ya miƙa wa Aulis, shi ma a hannunsa ko tari ba ta yi ba.

"Lafiyarta ƙalau," in ji mai shago. "Irin waɗannan a matse ake ƙera su. Ka yi ta harbawa, sifirin zai yi laushi, ƙarfe zai san ƙarfe. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka sa mata magagari. Na san halinku."

Aulis ya dawo gida ransa a jagule. Babu abin da ke ɓata wa makaniki rai kamar injin da ke warkewa a gaban likita.

A gida Hilkka ba ta fasa komai ba. Tana dafa miyar kifi, tana hura sauna, tana amsa masa in ya yi magana. Sai dai duk Asabar in ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga takalmi, takan tambaya ba tare da ta ɗago daga saƙarta ba, "Yau ma ta yi tarin?"

"Sau biyu."

"Allah ya sawwaƙe."

Iyakarta ke nan. Da ma zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Sau da yawa yakan buɗe baki zai ce wani abu game da bindigar Onni, sai ya ji kansa yana bayani a kan sifirin. A zuci ya ƙudurta cewa ranar da sabuwar ta daidaita, ya kawo takarda mai ramuka a tsakiyar baƙi ya ajiye a kan tebur, Hilkka za ta gane ba a banza ya yi abin da ya yi ba, ta ɗauki kwat ɗinta ta biyo shi. Wannan lissafi ne irin na wanda ya san inji bai san mutum ba, amma da shi ya rayu har tsakiyar hunturu.

Sai aka wayi gari wata Asabar da sanyin da ke sa gashin hanci ya daskare. Mutum huɗu kacal suka zo fili. Aulis ya zo da ƙaramin magagari a aljihu. Ya yanke shawara, in ta sake yi masa yau, zai goge mashigar harsashin, mai shago ya yi ta kansa.

Ba ta ma bari ya kai na uku ba. A na biyu ta tsaya. Yana tsaye yana cizon leɓe, sai ya ji ƙas daga layin da ke kusa, sannan ya ji Reijo yana ashar. Ya waiga. Ga ƙaton nan hannu a sama, bindigar Onni ta maƙale da kwanso a baki.

"Kai Aulis! Ashe marar lafiya ka sayar mini? Tun da sanyin nan ya tsananta take mini haka, na yi shiru ne don kada ka ji daɗi."

Aulis ya ƙura wa tsohuwar bindigar ido. Bindigar nan ya riƙe ta shekara da shekaru, a sanyin da ya fi wannan ma, ba ta taɓa yi masa haka ba ko sau ɗaya. Ga tsohuwa sakakkiya, ga sabuwa matsattsiya, ƙira daban, hannu daban, amma ciwo ɗaya. To ciwon ba a ƙarfe yake ba ke nan.

Da aka ba da izinin ajiye bindigogi, ya cire safar hannu ya ɗauki harsashi ɗaya daga kwalinsa. Sanyinsa ya cije shi a yatsa. Ya sa farce ya kankari kakin da ake shafa wa kan harsashin don ya zame a cikin bututu. Maimakon ya ji shi da santsi, sai ya ɓare ya zubo gari-gari kamar busasshen kyandir. Ya ɗauki na Reijo, haka.

"Ina kake ajiye harsashinka?"

"A but mana. Ina kake so in ajiye, a ƙarƙashin filo?"

Ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe ba, amma yatsunsa sun riƙe. Duk tsawon shekarun nan, in ya sa hannu a kwali zai ɗura, harsashin da ɗumi yake jinsa. Bai taɓa tambayar dalili ba. Ya ɗauka haka harsashi yake.

Ya ƙirga harsashi biyar, ya zuge kwat, ya cusa su a hammata, ya matse hannu ya tsaya.

"Ikon Allah," in ji Reijo. "Jama'a ku zo ku ga kaza tana kwanci. Yaushe za a ƙyanƙyashe?"

"Rufe mini baki."

Da ya ji sun ɗauki zafin jiki, ya nemi izini, ya ɗura da sauri ya miƙe hannu. Biyar suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kowane kwanso ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙanƙara. Ya sake ɗumama biyar ya miƙa wa Reijo. Reijo ya karɓa da yatsu biyu yana yamutsa fuska, ya ce ya ji warin miyar jiya. Amma bindigar Onni ta cinye su tas ba gardama.

Sauran suka yi ta dariya, kowa ya shiga cusa harsashi a riga. Aulis kaɗai bai yi dariya ba. Ya zauna a kan benci ya buɗe fulas bai zuba ba. Yana ta gyaran abu ɗaya a lokaci ɗaya, ashe tun ranar farko abu biyu ne suka canza, shi kuwa ɗaya kawai ya yarda ya kalla. Yanzu ya ga sauran a fili. Hilkka tana tashi kafin shi ranar Asabar. Safar tana kan murhu. Kwalin yana cikin safar, safar tana jikin fulas, jakar tana kan cinyarta har su iso. A fili kuma ba ta ajiye masa kwalin a benci, daga cikin kwat ɗinta take fito da shi sai lokacin ɗuri ya yi. Tabbas wurin mahaifinta ta koya tun tana yarinya. Kuma tana zaune a gefensa duk lokacin da yake bugun ƙirji cewa bai taɓa ɗaga hannu ba, tana kallon kofinta tana murmushi.

Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi a kunne ko a cikin wannan sanyi.

Reijo ya zauna kusa da shi, wannan karon ba da tsokana ba. "In kana son abarka, ka karɓa. Na ga matarka ta daina zuwa. Ni ba jaki ba ne."

Aulis ya dubi farin katakon mariƙin, ya girgiza kai. "Abin da za a mayar mata ka riga ka goge shi. Ba laifinka ba ne."

Ko da ya iso gida rana ta faɗi, ko da yake a wannan lokacin na shekara ba ta daɗewa dama. Hilkka tana tsaye a gaban murhu tana juya miya, ta ba shi baya. Ya kulle bindigar a mazauninta, ya cire takalmi, ya shigo kicin. Duk hanya yana shirya magana, ya shirya ta tsaf, da farkonta da ƙarshenta. Da ya ga bayan matarsa sai maganar ta maƙale, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Ya tsaya a gefen tebur. Ya sa hannun dama a kan katakon, ya ɗaga na hagu sama.

Shirun ne ya sa ta waiga. Ta dube shi, ta dubi hannun. Ta juya ta ci gaba da juya miyarta, ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri, ta rage wuta. Ta wanke cokalin, ta goge hannu a tawul, yatsa bayan yatsa. Kafaɗarsa ta fara zafi, amma bai sauke hannun ba. Doka ce, sai alƙali ya zo.

Daga bisani ta tako ta tsaya a gefensa na hagu, daidai inda take tsayawa a fili.

"Mene ne?"

"Ta maƙale."

"Ka taɓa wani abu?"

"Na taɓa. Na taɓa abin da ba nawa ba ne ni kaɗai. Ban jira kowa ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Idonta ya kawo ruwa, amma muryar ta alƙaliya ce.

"Laifin mai harbi ne. Babu maimaici."

"Na sani."

"Reijo ya goge mariƙin, ko? Matarsa ta gaya mini a kanti."

"Ya goge."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bayan hannu. "Sauke hannun nan kafin ya ɓalle. Kawo kwanuka."

Suka ci abinci. Bai kawo zancen safa ba, ita ma ba ta tambaye shi ko an yi tari ba. Bai san ko an yafe masa ba, kuma ya ga ba shi da bakin tambaya.

Asabar ta gaba ya fito da jakarsa, ya tarar da ita a kicin. Ƙusar da ke kusa da murhu babu komai a jikinta. Ta miƙo masa safar mai ruwan toka, da nauyin kwali a ciki, ɗuminta har cikin tafin hannunsa. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya buɗe baki zai yi godiya.

"Ba taka ba ce," in ji Hilkka. "Ta Reijo ce. Bindigar babana ba za ta riƙa maƙalewa a gaban mutane ba."

"To ni fa?"

"Na ji an ce kana da hammata."

Ya tsaya riƙe da safar kamar wanda aka ba ajiyar jariri. Ita kuwa ta wuce shi zuwa bakin ƙofa, ta zura takalmanta, ta ɗauko kwat daga marataya.

"Gwiwar fa?" ya tambaya a hankali.

"Tana nan. Wannan da kuka sa alƙalanci ko ƙirga biyar bai iya ba. Mu je, kana ɓata mana lokaci."

A mota ta zauna a kujerarta, ta ɗaura bel, ta kafa ido a hanya. Sai da ya kai hannu zai sa giya ya lura da gefen kwat ɗinta ya yi tudu, ta dafe wurin da gwiwar hannu. Bakin wata safa mai ruwan toka ya ɗan leƙo ta tsakanin maɓallai. Shekara da shekaru yana ganin guda ɗaya a jikin ƙusa, bai taɓa tambayar kansa ina 'yar'uwarta take ba.

Ya mayar da idonsa kan hanya. Ya ƙara zafin hita, ya ja motar a hankali saboda santsi.